Rigar Sojan Ruwa Da Ta Shigo Gari

Ranar 27 ga Maris, 1858, hukumar Faransa ta kafa doka a kan rigar ciki. Ta ce kowane ƙaramin sojan ruwa zai sa saƙaƙƙiyar riga mai ratsin fari 21, kowanne faɗin milimita 20, da ratsin shuɗi 20 ko 21, kowanne milimita 10. Har hannun rigar sai da aka ƙayyade masa nasa ratsin. Faransawa suna kiranta marinière, kuma duk wanda ya taɓa tona dilar gwanjo ya ci karo da jikokinta.

Abin da ya sa nake ƙaunar rigar nan shi ne aiki ne ya yanka ta, ba gayu ba. Ba ta da maɓallin da igiya za ta sarƙe. Tana da tsawo, ana cusa ta cikin wando don kada iskar teku ta bugi ƙugu. Ana cewa ratsin yana taimakawa a hango wanda ya faɗa ruwa, wannan kuwa hankali ya ɗauka. Amma batun wai ratsi 21 adadin yaƙoƙin da Napoleon ya ci ne, kanzon kurege ne kawai. Rigar masu jan igiya ce da masu wanke daɓen jirgi, ba ta hafsoshi ba.

A Ingila kuwa, ta fada kayan sojan ruwa suka shigo gari. A 1846 Sarauniya Biktoriya ta sa aka ɗinka wa ɗanta Albert Edward, yana da shekara 4, ƙananan kayan sojan ruwa, ya sa a jirgin sarauta. Mai zane Winterhalter ya zana shi, hannu cikin aljihu, faffaɗan wuyan riga ya sauko bisa kafaɗa. Daga baya masu hali suka shiga yi wa 'ya'yansu irinsa. Wuyan nan ya yi tafiya har Japan, inda tun wajen 1920 ya zama kayan makarantar 'yan mata, har gobe.

Amma a wurina wadda ta yi babban aiki ita ce Coco Chanel. Ta buɗe shago a Deauville, garin shaƙatawa a bakin tekun Normandi, a 1913. A lokacin macen Turai mai daraja tana cikin ɗamara mai ƙarfe ko ƙashin kifi, wadda ke matse ciki har numfashi ya yi wuya. Chanel ta dubi yadda masunta da ma'aikatan jirgi ke miƙa hannu su sunkuya ba abin da ya tokare su, sai ta ɗauko yadin jesi mai talewa, wanda aka raina don da shi ake kayan cikin maza, ta ɗinka wa mata riguna sakakku masu wuyan matuƙa. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, yadi ya yi tsada, mata suka fita aiki, sai ɗinkin nata ya dace da zamani. Mace ta samu rigar da za ta yi sauri a ciki, ta hau keke, ta ɗaga hannu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Daga nan mashahurai suka karɓa. An ɗauki hoton mai zane Picasso da rigar mai ratsin a 1952, mai tsara tufafi Jean Paul Gaultier kuma ya mai da ita tambarinsa tun 1983. Masaƙar Saint James, wadda aka kafa a Normandi a 1889, har yanzu tana saƙa ta, ƙananan sojojin ruwan Faransa kuma suna sa ta a ƙarƙashin kakinsu.