Aikin Gida na Kullum ga 'Yan Aji Huɗu Zuwa Shida: Bayani ga Iyayen Yara da Shugabanni a Kende

Kamar yadda aka sani, tun ranar 30 ga Satumba, 1999, da aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a birnin Sakkwato, da kuma dokar da ta ƙarfafa shi a shekarar 2004, ya zama wajibi kowane yaro a Nijeriya ya sami ilimi na shekara tara kyauta, wato shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. To amma shigar da yaro makaranta farkon aiki ne kawai. Abin tambaya shi ne: shin in ya gama aji shida, zai iya karanta wasiƙa, ya rubuta amsarta, ya kuma yi lissafin cinikin gidansu? Wannan bayani mun shirya shi ne domin iyaye da shugabannin al'ummar Kende da sauran ƙauyukan Ƙaramar Hukumar Bagudo, game da ɗan aikin da ya kamata ɗalibi ya riƙa yi a gida kowace rana.

Me ya sa aji huɗu zuwa shida?

A azuzuwa uku na farko yaro yana koyon yadda ake karatu ne. Daga aji huɗu kuwa, da karatun nan zai riƙa neman sauran ilimi, kamar kimiyya da zamantakewa da lissafi mai zurfi. Bugu da ƙari, da Turanci ake rubuta jarrabawar shiga sakandare, har da wadda hukumar NECO ke shiryawa domin shiga kwalejojin tarayya irin na Birnin Yauri da Gwandu. Yaron da ya tashi da Hausa ko Dandanci ko Fulatanci a gida, ba ya jin Turanci sai a aji, yana bukatar ƙarin bita. Wanda ya shiga aji huɗu da rauni, in ba a tallafa masa ba, raunin kan bi shi har aji shida, daga nan sai zuciyarsa ta karaya, ya koma gona ko kogi ko talla.

Kaɗan-kaɗan amma kullum

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Duk wanda ya zauna a makarantar allo ya san cewa tilawar kullum ce ke tsare hadda, kuma almajirin da ya yi mako biyu bai waiwayi karatunsa ba sai ya koma baya. Haka wani masani ɗan ƙasar Jamus mai suna Hermann Ebbinghaus ya nuna a 1885 cewa mutum kan manta mafi yawan sabon abin da ya haddace cikin ɗan lokaci, sai fa in yana maimaita shi jefi-jefi.

Shawararmu ita ce minti 40 a rana, kwana biyar a mako. A zangon karatu mai mako 12, wannan ya zama awa 40. A shekara awa 120 ke nan, a shekara uku kuwa awa 360. Da haka ne ake cewa sannu ba ta hana zuwa.

Yadda za a raba lokacin

Na ɗaya, karatu a bayyane, minti 15. Yaro ya ɗauki littafin Turancinsa ya karanta shafi ɗaya da ƙarfi, sannan ya faɗi abin da ya fahimta da harshen gida. Sau biyu a mako a musanya da littafin Hausa, kamar Magana Jari Ce na Abubakar Imam, ya karanta wa ƙannensa.

Na biyu, lissafi, minti 15. A sa shi ya maimaita jadawalin sau har zuwa 12, sannan a ba shi tambaya daga harkar gida. Misali, a ce an girbe buhu 40 na shanshera. Nawa ne zakkarsa in ruwan sama ya shayar da gonar, wato kashi ɗaya cikin goma? Nawa ne in da injin ban-ruwa aka yi noman, wato kashi ɗaya cikin ashirin? Amsa ita ce buhu 4 da buhu 2. Haka kuma, tun da muna maƙwabtaka da Jamhuriyar Benin, kuma sefa na shiga hannun 'yan kasuwarmu, a gaya masa farashin canji na ranar, ya juya naira zuwa sefa.

Na uku, rubutu, minti 10. Ya rubuta jimla biyar game da abin da ya gani a ranar, ko a kasuwa, ko a bakin kogi, ko a wurin kiwo. Ya sa kwanan wata a saman shafi, domin malami ya ga ranakun da aka yi da waɗanda aka tsallake.

Aikin iyaye

Sau da yawa mukan ji iyaye suna cewa su ba su yi boko ba, ta yaya za su taimaka? Amsa ita ce, abu uku ake nema a wurinsu: lokaci, da wuri, da sa ido. A tsai da lokaci guda, kamar bayan la'asar tun da sauran haske, ko bayan isha'i in akwai fitila mai amfani da hasken rana, yadda ba zai ci karo da makarantar allo ko Islamiyya ba. A shimfiɗa tabarma a wuri mai natsuwa, kada a aiki yaron sai ya gama. Uwar da ba ta iya karatu ba za ta iya ganin ko an cika shafi, za ta kuma ji ko yaron na in-ina. Muna jan hankali musamman game da 'ya'ya mata, waɗanda ɗiban ruwa da daka da reno ke cinye yammacinsu. Minti 40 ɗin nan haƙƙinsu ne kamar yadda yake na maza. Kada kuma yayye su yi wa ƙanne aikin, domin kuskuren yaro shi ke nuna wa malami inda zai gyara.

Lokacin damina da girbi

Jama'ar wannan yanki ba su manta da shekarar 2020 ba, lokacin da aka rufe makarantu tun daga watan Maris saboda annobar korona, sannan ambaliya ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a Jihar Kebbi a daminar shekarar. Darasin da muka ɗauka shi ne, gidan da ya saba da aikin kullum ba ya rasa abin yi in hanyar makaranta ta yanke. Saboda haka a riƙa ajiye littattafai cikin leda a wuri mai tudu. A lokacin girbi kuma, in minti 40 ya gagara, a yi 20, amma kada a bari gaba ɗaya.

Kira ga shugabanni

Muna kira ga malamai da su riƙa ba da aiki daidai ƙarfin yaro, su kuma duba shi washegari, domin aikin da ba a dubawa yara kan daina yin sa. Shugabannin makarantu da kwamitocin kula da makarantu na SBMC su haɗa yaran unguwa ɗaya biyar-biyar, yadda littafi ɗaya da fitila ɗaya za su wadace su. Ofishin Sakataren Ilimi na Ƙaramar Hukumar Bagudo ya sa duba littattafan aikin gida cikin abin da jami'ansa za su lura da shi in sun kai ziyara. Uwayen ƙasa da hakimai da masu unguwanni da limamai kuwa, muna roƙon su riƙa tunatar da jama'a a masallatai da wuraren suna da ɗaurin aure.

Da ma an ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya albarkaci 'ya'yanmu, Ya ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu, amin.