Mai Kiran Ɗan'uwa Gandu Sai Ya Leƙa Rumbu

A ƙasar Makoɗa, daga Koguna har ka gangara wajen dam ɗin Tomas, da wuya ka ga dajin da ba shi da mai shi. Gona ce ke bin gona, gamba ce kawai ta raba su. Shi ya sa idan maigida ya ce wa ƙanensa da ya daɗe a ci-rani, "Kwaso iyalinka ka dawo mu haɗa gandu," ba da wasa ya faɗa ba. Kafin ya buɗe baki ya riga ya ƙirga damman gero da dawa da ke rumbu, ya ga ko za su kai su kaka. Daga ranar da aka haɗa tukunya, cin wannan iyali yana wuyansa: hatsi da cefane, iri da taki, a da ma har da haraji kafin gwamnatin Abubakar Rimi ta soke shi. Shi kuwa ƙanen ya ba gonar gandu ƙarfinsa da safe, da yamma ya koma gayaunarsa.

Wannan lissafin ne ƙasashe irin su Amurka da Kanada da Ingila suka mayar doka ga duk wanda ke son ya ɗauko danginsa su zauna can dindindin. Na ga ya kamata mu fahimce shi a gida, domin zumunta da yawa ta yi tsami a kan zargin cewa wane ya samu wuri ya ƙi jan 'yan'uwansa.

A Amurka, bayan mutum ya cike takardar I-130 wadda ke nuna dangantaka, sai ya sa hannu a wata mai suna I-864. Ita ce leƙen rumbun. Dole ya nuna cewa abin da yake samu a shekara ya kai kashi 125 cikin 100 na ma'aunin talauci da gwamnati ta gindaya, gwargwadon yawan bakin da zai ciyar, har da wanda zai zo. Ingila ta yanka adadi kai tsaye: daga 2012 mai son kawo matarsa ko mijinta sai yana samun fam 18,600 a shekara, a watan Afrilun 2024 aka ɗaga shi zuwa fam 29,000. Kanada kuwa shekaru take ƙirgawa. Wanda ya kawo matarsa ya ɗauki nauyinta na shekara 3, wanda ya kawo iyaye ko kakanni ya ɗauki na shekara 20, kuma in suka karɓi tallafin gwamnati a tsakanin nan, shi za a bi bashi.

Sai dai akwai inda takarda ta fi gandu tsanani. A gida, in zama ya ƙi daɗi, dattawa kan zauna a raba gandu, kowa ya kafa murhunsa, nauyi ya sauka. Alkawarin I-864 ba ya warwarewa don an yi faɗa. Ko aure ya mutu yana nan daram, har sai wanda aka kawo ya zama ɗan ƙasa, ko ya tara aikin da ya kai kimanin shekara 10, ko ya bar ƙasar baki ɗaya, ko ɗayansu ya rasu. Mutumin da ke tuƙin tasi dare da rana, in ya yi jinkirin sa hannu a irin wannan takarda, ban ga dalilin kiransa marowaci ba.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne wanda dokar ta yarda ɗan'uwa ne. A gidan gandu ba a tambayar wane ciki ya haifi yaro kafin a zuba masa tuwo. Ɗan wa da ɗan ƙane da ɗan riƙo duk 'ya'ya ne. Dokar shige da fice ta Amurka, wadda aka kafa tsarinta na yanzu a 1965, ba ta san wannan ba. Waɗanda ta buɗe wa ƙofa ba tare da ƙayyade adadi ba, in mai kiran ɗan ƙasa ne, su ne mata ko miji, da 'ya'yan da ba su kai shekara 21 ba kuma ba su yi aure ba, da iyaye in shi mai kiran ya cika 21. Wa da ƙane da ya da ƙanwa suna can ƙarshen layi, gurbi 65,000 kacal a shekara ga duniya duka, jira kuma yakan haura shekara 15. Mai katin zaman dindindin da bai zama ɗan ƙasa ba, ba shi da ikon kiran iyayensa ko 'yan'uwansa ko kaɗan. Kawu da goggo da ɗan baffa ba su da gurbi. Mai mata biyu ɗaya za a karɓa. Yaron da ka riƙa tun yana goye, muddin ba kotu ce ta ba ka shi ba, bare ne a wurinsu.

A nan ne wasu kan faɗa rami, su rubuta ɗan wa a matsayin ɗan cikinsu. Ofishin jakadanci kan nemi gwajin jini in ya yi shakka, kuma wanda aka kama da ƙarya ana iya haramta masa shiga har abada, shi ma mai kiran zamansa ya shiga haɗari. Ga kuma siyasa da ke juyawa kamar iskar bazara: a Fabrairun 2020 gwamnatin Trump ta dakatar da yawancin bizar zaman dindindin ga 'yan Najeriya, Biden ya ɗage a Janairun 2021, alhali mutane sun riga sun kashe kuɗi suna jira.

Da yawa daga cikin mutanenmu na nan gida kuma Saudiyya suke nufa. Can kuwa igamar ma'aikaci, wato takardar izinin zamansa, a ɗaure take da aikinsa, ba zaman dindindin ba ce, kuma tun Yulin 2017 ake biyan kuɗi kowane wata a kan kowane mutum na iyalin baƙo, daga riyal 100 har ya kai 400 a 2020.

Roƙona ga na waje shi ne ku daina cewa "ana nan ana ƙoƙari" don gudun ɓacin rai. Ku faɗa wa gida gaskiya: wa doka ta ba ku damar kira, shekara nawa zai jira, me aljihunku zai iya ɗauka. Ku kuma na gida, kada saurayi ya sayar da gonar gado ko ya ƙi shuka bana don yayansa ya ce ya shigar masa da takarda. Ku tambayi wace takarda ce, kuma a wane layi take, kafin ku sallama wa kowa ko taku ɗaya na gonarku.