Mayar da Tarin Kalmomin Hausa Jeri a Harshen Java

1.0 Gabatarwa

Aikin tattara keɓaɓɓun kalmomi, irin wanda Hukumar NERDC da ke Sheda a Abuja ta saba ɗaukar nauyinsa, ya koma kan kwamfuta. Wannan maƙala za ta yi tsokaci a kan mataki guda na aikin, wato mayar da tarin kalmomi jeri, da illar da sakaci a wurin yake yi wa Hausa.

2.0 Tari da Jeri

A harshen sarrafa kwamfuta na Java, tari ma'aji ne mai ƙaruwa da raguwa. Shi kuwa jeri, yawan gurabunsa ƙayyadadde ne, kowane gurbi da lambarsa, daga 0. Tun 1998 Java ta tanadi umarnin toArray mai kwashe tari ya zuba a jeri. Sai dai umarnin ba ya tsara kalmomi. Yadda tarin ya miƙo su haka zai zuba.

3.0 Matsaloli Biyu

Ta farko, nau'in tarin da ake kira HashSet ba ya karɓar maimaici. Tun da rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, "gari" mazaunin jama'a da "gari" na tuwo za su zama kalma guda, ɗaya ta salwanta kafin a kai ga jeri.

Ta biyu, idan aka bar na'ura ta tsara jerin da kanta, lambobin Unicode take bi. Lambar z ita ce 122, ta ƙ 409, ta ɓ 595, ta ɗ kuma 599. Dubi sakamakon:

(1) baki, kaza, zane, ƙasa, ɓera, ɗaki

Alhali tsarin abacadan Hausa shi ne:

(2) baki, ɓera, ɗaki, kaza, ƙasa, zane

4.0 Kammalawa

Ke nan wajibi ne a haɗa kowace kalma da ma'anarta ko alamar karin sautinta tun wajen tarawa. Bayan an zuba ta a jeri kuma, a ba na'ura ƙa'idar da za ta sa ɓ bayan b, ɗ bayan d, ƙ bayan k. Java na da RuleBasedCollator don haka. Fayyace wannan ƙa'ida aikin masanin harshe ne, domin mai sarrafa kwamfuta abin da aka ba shi kawai zai shigar.