Ƙurajen Fuska Masu Zurfi Ga Manya: Sanadi da Magani

Ba matasa kaɗai ƙurajen fuska ke addaba ba. A unguwar Zariya da sauran unguwannin Maraɗi, har Tibiri da Jiratawa, akwai magidanta da matan aure da ke fama da irin masu zurfin nan, masu kumburi da raɗaɗi, waɗanda ke barin rami da baƙin tabo.

Maiƙo da matacciyar fata ne ke toshe ƙofar gashi, ƙwayoyin cuta su hayayyafa a ciki, wurin ya kumbura. Ga mata, sukan taso a haɓa da muƙamuƙi gabanin al'ada. Man bilicin mai ɗauke da clobetasol ko betamethasone shi ma yana haddasa su.

Matsewa tabo kawai take ƙarawa. Likitan fata kan fara da man benzoyl peroxide ko adapalene, tare da ƙwayar doxycycline na kimanin wata 3. In sun ƙi jin magani, sai isotretinoin, wanda Amurka ta amince da shi a 1982, ana shan sa wata 4 zuwa 6. Yana busar da leɓe, kuma yana nakasa ɗan tayi. Mai ciki ko mai neman haihuwa ba ta shan sa, kuma ba a sayen sa a hannun 'yan tallar magani.