Yaron Da Aka Haifa Ƙarami Kuma Ya Ƙi Tsawo

A Bobi ta ƙasar Kontagora, kamar sauran ƙauyukan Nijeriya, akan haifi jariri wanda watanninsa sun cika, amma nauyinsa bai kai kilo 2.5 ba. Wannan ba bakwaini ba ne. Abincin da ke isa gare shi ta mabiyiya ne ya gaza tun yana ciki. Abubuwan da suka fi jawo haka su ne zazzaɓin cizon sauro, da ƙarancin jini, da hawan jini, da rashin abinci mai gina jiki ga mai juna biyu.

Yawancin irin waɗannan jarirai, wajen 9 cikin 10, sukan kamo tsararrakinsu kafin su cika shekara 2. Sauran kuwa sukan zauna gajeru, har a riƙa cewa gādo ne ko tsumburewa.

Tsawon yaro yana tafiya ne da wani sinadari da ake kira sinadarin girma. Wata 'yar tsoka mai girman ƙwayar wake a gindin ƙwaƙwalwa ita ke fitar da shi, ba kuwa a kowane lokaci ba, sai jefi-jefi, galibi da dare idan barci ya yi nauyi. Daga nan sai ya umurci hanta ta saki wani sinadarin da ke sa ƙashi ya miƙe. Likitoci sun gano cewa wasu daga cikin yaran nan ba sa fitar da isasshe, wasu kuma suna fitarwa daidai, sai dai jikinsu ba ya jin umurninsa sosai. Saboda haka awon jini guda ɗaya ba ya yanke hukunci.

Tun 1985 ake haɗa sinadarin a masana'anta. Amurka ta yarda a yi wa irin waɗannan yara allurarsa a 2001, Turai kuma a 2003. Allura ce ta kullum har tsawon shekaru, tana da tsada ƙwarai, kuma sai ƙwararren likitan yara ne ke bayar da ita.

Abin da ke hannun iyaye ya fi wannan sauƙi. Mai ciki ta riƙa zuwa awo, ta sha maganin kariya daga zazzaɓi da na ƙarin jini, ta kwana cikin gidan sauro. A auna jariri ranar haihuwa, a ba shi nono zalla wata 6, a kuma adana katin awonsa, gama shi ne shaidar da likita zai fara nema. Kada a sayi maganin ƙiba a kemis. Wasunsu kumbura yaro suke yi, su kuma tsayar da tsawonsa.

Idan yaro ya wuce shekara 2 bai kamo sa'o'insa ba, sai a kai shi Babban Asibitin Kontagora tare da katinsa, domin a bincika ko a tura shi gaba.