Kama Gidan Hutu a Malta ta Waya: Abin da Za a Bincika Kafin a Danna Maɓallin Biya

A watan Maris na 2017, guguwa ta rusa Azure Window, wani dutse mai siffar ƙofa da ke bakin teku a tsibirin Gozo na ƙasar Malta. Ya nutse gaba ɗaya, amma har yau hotonsa na yawo a intanet cikin tallace-tallacen yawon buɗe ido. Haka hoton gidan haya yake a manhaja: yana nuna yadda wuri yake a ranar da aka ɗauke shi, ko ma yadda wani wurin daban yake. Ga matashin da ya yi shekara yana tara kuɗin tafiya, tazarar da ke tsakanin hoto da gaskiya na iya cinye kuɗin gida, kuɗin biza da na jirgi a lokaci guda. Wayar da ke nuna hoton kuwa ita ce za ta iya tantance shi, in an bi matakan a jere.

Malta ƙaramar ƙasa ce a Bahar Rum, kudu da Sisili ta Italiya, faɗinta murabba'in kilomita 316. Tsibiranta uku ne ake zaune a kai: Malta, Gozo da Comino. Tana cikin Tarayyar Turai tun 2004, tana amfani da kuɗin yuro tun 2008, kuma Ingilishi na cikin harsunanta biyu na hukuma, don haka yin magana da mai gida ba ya wahala.

Biza ce ke tsara komai

Malta na cikin yankin Schengen, saboda haka mai fasfo na Najeriya, Nijar, Ghana ko Kamaru sai ya nemi biza. Kuɗinta yuro 90 ne ga babban mutum tun watan Yuni na 2024, ban da ladan cibiyar karɓar takardu, kuma ba a mayar da shi in an hana. Ana buƙatar inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, da shaidar inda mutum zai kwana. Ana iya nema tun wata shida kafin tafiya. Amsa kan fito cikin kwana 15, amma tana iya kai kwana 45.

A nan ne mutane da yawa ke asara. Ofishin biza na son ganin an kama gida, alhali bizar ba ta tabbata ba. Mafita ita ce a tace bincike a Airbnb ko Booking.com zuwa gidajen da ake iya sokewa kyauta, sannan a duba ranar ƙarshe ta sokewar. Dole ta faɗo bayan lokacin da ake sa ran amsar biza, da ratar kwanaki. Farashin da ba a mayar da kuɗinsa ya fi araha, amma bai dace da wanda fasfonsa ke hannun jami'ai ba. Takardar kama gida ta jabu da wasu 'yan tsakiya ke bugawa kuma hanya ce ta samun hani, domin ana iya tuntuɓar masaukin a tabbatar.

Taswira kafin hoto

Ƙanƙantar Malta na yaudarar baƙo. Wuraren da suke kusa a taswira na iya cin awa guda a bas saboda cunkoso. Don haka unguwa ake fara zaɓa, gida daga baya.

Valletta, babban birnin, na cikin wuraren tarihi na UNESCO tun 1980, kuma yawancin motocin bas daga can suke tashi. Sai dai titunanta na da matakala da hawa, tsofaffin gidajenta da yawa ba su da lifta, abin lura ga mai tafiya da iyaye ko manyan jakunkuna. Sliema na da shaguna da ƙaramin jirgin ruwa da ke tsallakawa Valletta cikin mintuna. Paceville, a St Julian's, cibiyar gidajen rawa ce, kiɗa har asuba. Gidan da ke can yana iya yin kyau a hoto da arha a farashi, amma barci ya gagara. Mellieħa a arewa ita ke da bakin teku mai rairayi mafi girma. Gozo ta fi natsuwa: jirgin ruwa daga Ċirkewwa kamar minti 25 ne, mai sauri daga Valletta kuma kamar minti 45.

Airbnb ba ya nuna ainihin adireshi sai an kama gida, amma da'irar da yake nunawa ta isa a buɗe Street View na Google Maps a zagaya titunan. A duba ko akwai mashaya a ƙasan benen, ko ana gini a gefe, a kuma kalli watan da shekarar da aka ɗauki hoton titin. Sannan a sa manhajar ta lissafa tafiyar bas daga wurin zuwa inda ake son zuwa, da safe da kuma da dare. Mai son sallar Juma'a ya auna nisa zuwa masallacin Mariam Al-Batool da ke Paola.

Tantance gidan da mai gidan

A ɗauki hoton allo na falo ko ɗakin kwana a saka a Google Lens. In hoton ya bayyana a tallan wani gida a Sifen ko Girka, an gama magana. Bayan haka a karanta ra'ayoyin baƙi daga na baya-bayan nan, a nemi kalmomin Ingilishi na hayaniya, danshi da gini a akwatin bincike. Ra'ayi mai tauraro uku ya fi faɗin gaskiya, domin mai shi ya ga alheri ya ga aibi. Gidan da ke da yabo goma, duk gajeru, duk cikin mako ɗaya, abin zargi ne.

A Malta doka ta ce gidan da ake ba masu yawon buɗe ido haya ya mallaki lasisin hukumar yawon buɗe ido ta ƙasar, MTA. Tambayar lambar lasisi saƙo ɗaya ne, kuma yadda mai gida ya amsa na nuna irin mutumin da yake. A cikin saƙon a haɗa da tambayar na'urar sanyaya ɗaki. A Yuli da Agusta zafi na wuce digiri 30 da gumi, kuma wasu gidaje na da mita ta kwabbai ko kati, sai an biya daban take aiki. Akwai kuma ɗan harajin muhalli da ake karɓa kan kowane babban baƙo a kowane dare. A nemi jimillar kuɗi a rubuce, har da na shara. Batun sirri kuwa, Airbnb ya haramta kyamarorin tsaro na cikin gida tun ƙarshen Afrilu na 2024.

Inda kuɗi ke ɓacewa

Airbnb kan riƙe kuɗin baƙo, sai kamar awa 24 bayan shigarsa gidan ake sakar wa mai gida. Wannan riƙon shi ne kariyar. Duk wanda ya ce a koma WhatsApp a tura kuɗi ta banki don a samu ragi, yana neman a fita daga kariyar ne, kuma in gidan babu shi, babu wanda za a kama. In an iske gidan ba kamar yadda aka tallata ba, a ɗauki hotuna da bidiyo a kai ƙara ta cikin manhajar cikin awa 72.

Akwai wata damfara da ta fi wayo, wadda aka yi ta ba da rahotonta tun 2023 a kan Booking.com. Ɓarayi na sace kalmar sirrin masauki, su aika wa baƙi saƙo daga cikin manhajar kanta, da sunan baƙon da ranakun zuwansa daidai, cewa za a soke ɗakin in bai sake tabbatar da katinsa ta wani mahaɗi ba. Gaggawar ita ce alamar. Kada a taɓa mahaɗin. A tuntuɓi sashen kula da abokan ciniki na manhajar, ko a kira masaukin ta lambar da ke cikin takardar tabbatarwa ta farko.

Katin naira kan zo da iyakar abin da za a kashe a waje, kuma ta bambanta daga banki zuwa banki, don haka a tambaya kafin ranar da za a cire kuɗin, kada a soke gidan saboda kati ya ƙi. Masu sefa sun fi sauƙin lissafi: yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ba ya motsi. In na'urar biya a Malta ta tambaya da wane kuɗi za a caje, a zaɓi yuro, domin canjin da na'urar ke yi da kanta ya fi tsada.

Shirya wayar kafin tashi

Tsarin yawo da layi ba tare da ƙarin kuɗi ba na Tarayyar Turai bai shafi layukan Afirka ba. Mai wayar da ke karɓar eSIM ya saya tun a gida. Wanda tasa ba ta karɓa ya sayi layin GO, Epic ko Melita da isarsa. A sauke taswirar Malta da Gozo don aiki ba intanet, a ajiye hoton adireshi, lambar ƙofa da takardar inshora a cikin wayar. Manhajar Tallinja na nuna lokutan bas, Bolt da eCabs na kawo tasi. Soket ɗin Malta mai ƙafa uku ne irin na Ingila, daidai da na Najeriya da Ghana, amma mai caja mai ƙafa biyu daga Nijar ko Kamaru na buƙatar adafta. Lambar gaggawa 112 ce. Mai niyyar hayar mota ya sani ana tuƙi ta hagu.

Wasu wurare ma sai an kama tun da wuri. Hypogeum na Ħal Saflieni, makabartar ƙarƙashin ƙasa mai shekaru kusan 5,000, mutum goma kawai ke shiga a kowane zagaye, tikitinsa na ƙarewa makonni kafin rana. Blue Lagoon na Comino kuma tun 2025 sai an yi rajista kyauta a intanet an samu lambar QR kafin a sauka a bakin ruwan.

Abu ɗaya zai zo wa Bahaushe da sauƙi. Harshen Malta daga Larabci ya samo asali, don haka a jadawalin bas It-Tlieta Talata ce, Il-Ħamis Alhamis, Il-Ġimgħa Juma'a, Is-Sibt Asabar. A kasuwa ma, ħamsin da sittin ma'anarsu ɗaya da ta gida.

Duk wannan binciken bai wuce aikin yamma ɗaya ba. Jerin shi ne abin riƙewa: unguwa, tantance gida, kamawa da damar sokewa, biza, sannan tikitin jirgi da duk wani biyan da ba a mayarwa.