Yadda Itace Ke Shirin Sanyi Tun Kafin Ƙanƙara Ta Sauka

'Yan'uwa, a ƙasashe irin su Kanada da Rasha sanyi kan kai digiri 30 ƙasa da sifili. Tsuntsu ya yi ƙaura, mutum ya hura wuta. To itace fa, da ba shi da ƙafar gudu?

Mu fara sanin haɗarin. Jikin itace ƙananan ɗakuna ne da ido ba ya gani, masana na ce musu sel, kowanne cike da ruwa. Ruwa in ya daskare yakan kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari. In ƙanƙara ta tsiro a cikin ɗakin, sai ta yayyaga shi, shi ke nan ya mutu.

Saboda haka itacen ba ya jiran sanyi. A lokacin kaka, wajen Satumba da Oktoba, dare na ƙara tsawo. Akwai wani furotin a ganye mai suna fitokurom, wanda ke jin haske, da shi itacen ke gane rana ta gajarta. Daga nan sai ya dakatar da girma, wasu ƙwayoyin gado da ke barci su farka, shiri ya kankama.

Na farko, ya kwashe dukiyarsa. Yakan warware kulorofil, wato sinadarin da ke sa ganye kore, ya janye naitirojin daga ganyen ya adana a ɓawo. Rawayar da kuke gani a hotuna da ma tana ciki, kore ne ya rufe ta. Ja kuwa sabo ne, a kakar ake yin sa. Bayan nan sai gindin ganye ya toshe, ganye ya faɗi.

Na biyu, ya mai da sitaci sukari. Ruwa mai sukari ba ya saurin daskarewa, kuma sukarin na kare fatar ɗaki.

Na uku, ya sauya mai. Fatar kowane ɗaki da mai aka yi ta. Ku duba man kaɗanya a hunturu, ya sandare, alhali man gyaɗa na nan yana zuba. Itacen na ƙara irin man da ba ya sandarewa, don kada fatar ta tsage.

Na huɗu, ya bar ruwa ya fita ya daskare a tsakanin ɗakuna, inda ɓarnar ba ta da yawa. Ɗakin sai ya shiga ƙishi, amma akwai furotin mai suna dihaidirin da ke riƙe kayan ciki har sanyi ya wuce.

A 1960 wani masani ɗan Japan, Akira Sakai, ya nuna cewa reshen da ya kammala wannan shiri na iya rayuwa bayan an tsoma shi a sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Reshen da bai shirya ba kuwa, 'yar ƙanƙara kaɗan ta ishe shi. Shi ya sa manoman tuffa ke tsoron sanyin da ya zo ba a lokacinsa ba.

Ɗalibai, ku lura: ashe sanyin nan ƙishirwa ce ga ɗakin itace. Kukarmu da ke zubar da ganye da rani, ruwa take tattali. Can ƙanƙara ke ƙwace ruwan, nan kuwa rana da iska.